Kofin Afirka daga 1957 zuwa 2024: tarihi, alƙaluma da abubuwan da suka yi ta maimaita kansu

Gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka, wadda masu jin Faransanci ke kira CAN, masu jin Ingilishi kuma AFCON, ita ce gasa mafi girma da hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar, CAF, ke shiryawa. Daga karon farko da aka buga ta a Khartoum a 1957 zuwa wadda aka kammala a Abidjan a watan Fabrairun 2024, an yi ta sau 34, kuma ƙasashe 15 ne suka samu ɗaga kofin. Ga Hausawan da iyakoki suka raba, wannan gasa tana da wani nauyi na daban. Ɗan zango a Kumasi da ɗan uwansa na Garwa, ko na Yamai da na Kano, harshensu ɗaya, amma idan aka hura usur kowa tutarsa yake bi. Wannan bayani ya tattaro muhimman abubuwan da suka faru a tarihin gasar, da waɗanda suka yi daidai da juna ta yadda har yau ake tuna su a majalisun hira.

Asalin gasar

An kafa CAF a Khartoum a watan Fabrairun 1957. Ƙasashe huɗu ne suka kafa ta: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Su huɗun ne ya kamata su buga gasar farko, amma Afirka ta Kudu, wadda ke ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da fararen fata, don haka aka yi babu ita. Wasanni biyu kacal aka buga. Masar ta doke Sudan da ci 2-1, sannan ta lallasa Habasha da ci 4 da nema a wasan ƙarshe. Mutum ɗaya ne ya zura ƙwallayen huɗu duka, Mohamed Diab al-Attar, wanda aka fi sani da Ad-Diba. Bayan shekara 11 ya sake bayyana a wasan ƙarshe na gasar 1968 a Addis Ababa, wannan karon da usur a bakinsa, domin shi ne ya yi alƙalancin wasan.

Dukkan ƙasashe huɗun da suka kafa hukumar sun ci kofin. Ukun da ba Masar ba kuwa, kowacce sau ɗaya ta ci, kuma a gidanta: Habasha a 1962, Sudan a 1970, Afirka ta Kudu a 1996, wanda shi ne karon farko da ta shiga gasar bayan rushewar mulkin wariya.

Yawan mahalarta ya yi ta ƙaruwa. Daga uku a farko ya kai takwas a 1968, ya koma 12 a 1992, sai 16 a 1996, ko da yake ƙasashe 15 ne suka buga a wannan shekarar saboda janyewar Najeriya. Tun daga 2019 ƙasashe 24 ne ke fafatawa.

Waɗanda suka ci kofin

Masar ce kan gaba da kofi bakwai: 1957, 1959, 1986, 1998, 2006, 2008 da 2010. Kamaru na biye da biyar: 1984, 1988, 2000, 2002 da 2017. Ghana na da huɗu: 1963, 1965, 1978 da 1982. Najeriya na da uku, a 1980, 1994 da 2013, haka ma Kodebuwa, a 1992, 2015 da gasar 2023 da aka buga a farkon 2024. Aljeriya ta ci sau biyu, a 1990 da 2019, ita ma Kwango Kinshasa sau biyu, a 1968 da kuma 1974 lokacin tana amsa sunan Zaire. A cikin waɗannan shekaru, ƙasashe takwas sun ci sau ɗaya: Habasha, Sudan, Kwango Brazzaville a 1972, Maroko a 1976, Afirka ta Kudu, Tunisiya a 2004, Zambiya a 2012 da Senegal a gasar 2021.

Sau 12 mai masaukin baƙi na riƙe kofin a gida. A shekarun farko abin ya zama kamar al'ada, amma bayan Masar ta yi hakan a 2006 sai da aka shekara 18 kafin Kodebuwa ta sake yi.

Kofin kansa ma ya sauya sau biyu. Na farko, mai sunan Abdelaziz Abdallah Salem, shugaban CAF na farko, Ghana ce ta mallake shi dindindin a 1978 bayan ta ci karo na uku. Na biyu Kamaru ce ta mallake shi a 2000.

Zamanin Ghana

Black Stars ta Ghana ta kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 1963 zuwa 1970. Ta doke Sudan 3-0 a Accra a 1963, ta doke Tunisiya 3-2 a Tunis a 1965, sannan ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi a hannun Kwango Kinshasa a 1968. A 1970 Sudan ta rama abin da aka yi mata: shekara bakwai bayan an doke ta a gidan Ghana, ita ma ta doke Ghana 1-0 a Khartoum.

A 1978 Ghana ta doke Uganda 2-0 a Accra, Opoku Afriyie ya ci duka biyun. A cikin tawagar akwai Mohammed Polo da Karim Abdul Razak, sunayen da dattawan zango ba su manta ba, kuma Abdul Razak ne ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na wannan shekarar. A 1982 Ghana ta doke Libiya a birnin Tarabulus a bugun fenariti, 7-6, bayan an tashi 1-1. Wannan shi ne wasan ƙarshe na farko a tarihin gasar da aka raba gardama da fenariti, kuma shi ne kofi na uku ga koci Charles Gyamfi, wanda ya jagoranci nasarorin 1963 da 1965. A cikin 'yan wasan akwai wani yaro ɗan shekara 17, Abedi Pele.

Daga wannan rana Ghana ba ta sake ɗaga kofin ba. Ta kai wasan ƙarshe a 1992, 2010 da 2015, duk ta dawo hannu rabbana.

Najeriya da maƙwabciyarta Kamaru

Sau uku Najeriya da Kamaru na haɗuwa a wasan ƙarshe, sau uku Kamaru na tafiya da kofin. A 1984 a Abidjan, Muda Lawal ya fara ci wa Najeriya, amma Kamaru ta farke ta ƙara biyu, aka tashi 3-1. A 1988 a Casablanca, fenaritin Emmanuel Kundé ne ya raba su, bayan an soke wata ƙwallo da Henry Nwosu ya ci da ka.

Na uku shi ne ya fi ciwo ga 'yan Najeriya, domin a Legas aka yi shi, ranar 13 ga Fabrairun 2000. Samuel Eto'o da Patrick Mboma sun sa Kamaru gaba da ci biyu, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka farke. A bugun fenariti ƙwallon Victor Ikpeba ta daki turken sama ta faɗo, hotunan talabijin suka nuna ta haye layi, amma alƙalin wasa bai amince ba. Rigobert Song ya buga na ƙarshe, Kamaru ta ci 4-3. Wato kofuna uku na farko da Kamaru ta ci, duk a kan Najeriya ta ci su.

Bayan nan sai reshe ya juye da mujiya a wasannin sili ɗaya ƙwale. Najeriya ta fitar da Kamaru a 2004 da ci 2-1, ta sake fitar da ita a 2019 da ci 3-2, sannan a 2024 da ci 2-0, Ademola Lookman ya ci duka biyun.

Tsakanin Najeriya da Aljeriya kuwa, abin ya zo kamar an auna. A 1980 Najeriya ta ci kofinta na farko a gida, a Legas, a kan Aljeriya, da ci 3-0: Segun Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya. Shekara goma cif bayan nan, Aljeriya ta ci nata kofin na farko a gida, a kan Najeriya, da ci 1-0 ta ƙafar Cherif Oudjani. Su biyun ne suka buɗe gasar ta 1990, inda Aljeriya ta ci 5-1, su ne kuma suka rufe ta.

Kodebuwa da bugun fenariti

Sau tara ana raba wasan ƙarshe da bugun daga kai sai mai tsaron gida: 1982, 1986, 1992, 2000, 2002, 2006, 2012, 2015 da gasar 2021. Huɗu daga ciki da Kodebuwa aka yi, kuma duka huɗun an tashi babu ci bayan minti 120. Ma'ana, kafin 2024 ƙasar ta buga wasan ƙarshe sau huɗu, ta ci kofi biyu, ba tare da ta zura ƙwallo ko ɗaya ko an zura mata ba a cikin wasa.

Kofunan biyu a kan Ghana ta ci su. A 1992 a Dakar, Abedi Pele bai buga wasan ba saboda dakatarwar katin gargaɗi. Kowane ɗan wasa, har masu tsaron gida, sai da ya buga fenariti aka sake zagayowa, kafin Alain Gouaméné ya tare bugun Anthony Baffoe, aka tashi 11-10. A 2015 a birnin Bata, 'ya'yan Abedi biyu, André da Jordan Ayew, suna cikin fili. Kodebuwa ta ɓarar da bugunta biyu na farko, Ghana ta ci nata biyu, kowa ya ɗauka an gama. Sai Ghana ita ma ta ɓarar da biyu a jere. Aka yi ta tafiya har aka zo kan masu tsaron gida: Boubacar Barry ya tare bugun Razak Braimah, ya tashi ya buga nasa ya ci, aka tashi 9-8. Uba ya kalli asarar farko daga wajen fili, 'ya'yansa suka ɗanɗani ta biyu bayan shekara 23, a hannun ƙasa ɗaya, ta hanya ɗaya.

Wani abin lura shi ne, a 1992 Kodebuwa ta gama gasar ba a zura mata ƙwallo ba ta ci kofin, a 2012 ma ta gama ba a zura mata ba, amma kofin ya suɓuce mata.

Zambiya a Libreville

A daren 27 ga Afrilun 1993, jirgin sojan saman Zambiya da ke ɗauke da tawagar ƙasar zuwa Dakar, domin wasan neman gurbin kofin duniya da Senegal, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville, babban birnin Gabon. Mutum 30 da ke ciki duk suka rasu, 18 daga cikinsu 'yan wasa ne. Kyaftin Kalusha Bwalya ya tsira ne saboda yana taka leda a PSV Eindhoven ta ƙasar Holan, kuma daga can zai wuce Dakar kai tsaye.

Ƙasa da shekara ɗaya bayan haka, Kalusha ya jagoranci sabuwar tawaga har zuwa wasan ƙarshe na 1994 a Tunis. Zambiya ce ta fara ci, amma Emmanuel Amuneke ya zura biyu, Najeriya ta ɗauki kofin.

A 2012 Gabon da Equatorial Guinea ne suka karɓi baƙuncin gasar. Jadawali ya ajiye Zambiya a ɓangaren Equatorial Guinea, ta yadda ba za ta taka Libreville ba sai idan ta kai wasan ƙarshe. Wasanta na farko da Senegal ne, ƙasar da mamatan za su je karawa da ita, ta kuma ci 2-1. Ta fitar da Sudan da ci 3-0, ta fitar da Ghana da ci 1-0. Kafin wasan ƙarshe 'yan wasan sun je bakin tekun suka ajiye furanni, tare da Kalusha, wanda a lokacin shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasar. Ranar 12 ga Fabrairu, Didier Drogba ya ɓarar da fenariti ana cikin wasa, aka tashi babu ci. A bugun raba gardama Zambiya ta ci 8-7, Stoppila Sunzu ne ya buga na ƙarshe. Da aka ƙirga, fenariti 18 aka buga, daidai da yawan 'yan wasan da suka rasu a wannan teku.

Kocin Zambiya a ranar, Bafaranshe Hervé Renard, shi ne bayan shekara uku ya ci kofin da Kodebuwar da ya doke. Shi ne koci na farko da ya ci gasar da ƙasashe biyu daban.

Waɗanda suka dawo a kan benci

Mutum biyu ne suka ci kofin suna 'yan wasa, suka sake ci suna masu horarwa. Mahmoud El-Gohary na Masar ya ci a 1959 da 1998. Stephen Keshi na Najeriya ya ci yana kyaftin a 1994, ya sake ci yana koci a 2013, lokacin da ƙwallon Sunday Mba ta kayar da Burkina Faso a Johannesburg. Najeriya ba ta samu zuwa gasar 2012 ba, ta ci ta 2013, sannan ta kasa zuwa ta 2015 da ta 2017.

Labarin Aliou Cissé na Senegal ya ɗauki shekara 20 kafin ya kammala. A wasan ƙarshe na 2002 a Bamako, yana kyaftin, shi ne ya buga fenaritin ƙarshe, mai tsaron gidan Kamaru Alioum Boukar ya tare, Kamaru ta ci 3-2. A 2019 ya kai Senegal wasan ƙarshe a matsayin koci, Aljeriya ta doke shi 1-0. Kocin Aljeriya a ranar, Djamel Belmadi, sa'ansa ne: a watan Maris na 1976 aka haife su su biyun, kuma a gari ɗaya suka tashi, Champigny-sur-Marne da ke gefen Paris. Sai a ranar 6 ga Fabrairun 2022 Cissé ya samu abin da ya nema, kuma a ƙasar Kamaru, a filin Olembé na Yawunde. Sadio Mané ya ɓarar da fenariti a farkon wasa da Masar, ya kuma ci na ƙarshe a bugun raba gardama, aka tashi 4-2.

A ɓangaren shugabanci ma akwai irin wannan dacewa. An zaɓi Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa, shugaban CAF a Casablanca a watan Maris na 1988, kuma a cikin wannan wata Kamaru ta ɗaga kofi a birnin. Ya sha kaye a zaɓe a watan Maris na 2017, makonni kaɗan bayan Kamaru ta ci kofinta na biyar. Mulkinsa na shekara 29 da kofin Kamaru ya fara, da kofin Kamaru ya ƙare. Ya rasu a Paris a watan Agustan 2024.

Mena da lissafin da ya rikita Afirka ta Kudu

Nijar ta fara zuwa gasar ne a 2012, ta hanyar da ba a saba gani ba. An haɗa Mena da Masar, wadda ta ci kofi uku a jere ƙarƙashin Hassan Shehata, da Afirka ta Kudu da Saliyo. A watan Oktoban 2010 Moussa Maâzou ya ci ƙwallon da ta kayar da Masar 1-0 a Yamai. Mena ta ci wasanninta uku na gida duka, ta sha kashi a ukun da ta buga a waje.

A ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, Masar ta doke Nijar 3-0 a Alƙahira. Afirka ta Kudu na kunnen doki da Saliyo babu ci, ta yi ta jan lokaci, aka tashi 'yan wasanta suka hau rawa a fili, suna zaton bambancin ƙwallaye ya ba su tikiti. Amma dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. Ƙasashe uku na da maki tara tara, kuma a tsakaninsu Nijar ke da shida, sauran biyun biyar biyar. Koci Harouna Doula ya samu kyautar gwarzon mai horarwa na CAF a wannan shekarar. Masar kuwa, daga nan ta yi gasa uku a jere ba ta halarta ba.

A wasan Mena na farko a gasar, Gabon ta doke ta 2-0 ƙarƙashin koci Gernot Rohr. Bayan shekara ɗaya Rohr ɗin ne ya jagoranci Nijar a gasar 2013, inda ta samu makinta na farko da ta tashi babu ci da Kwango Kinshasa. Daga baya ya horar da Burkina Faso, Najeriya da Benin.

Cadi ba ta samu zuwa ko ɗaya daga cikin gasa 34 ɗin ba, duk da ta fitar da ɗan wasa irin Japhet N'Doram, wanda ya ci kofin lig na Faransa da Nantes a 1995. Sudan kuwa, bayan kofinta na 1970 sai da ta shekara 42 kafin ta sake cin wasa a gasar, lokacin da ta doke Burkina Faso 2-1 a 2012.

Ba kullum ne ƙwallo ke raba gardama ba. A 1988 ƙuri'a aka jefa tsakanin Aljeriya da Kodebuwa, Aljeriya ta wuce. A 2015 ma haka aka yi tsakanin Gini da Mali, Gini ta yi sa'a.

Lokutan da gasar ta zo ƙofar gida

Sau da dama gasar na sauka a garuruwan da ake jin Hausa a kasuwa da kan titi. Kano ta karɓi wasanni a 2000, lokacin da Ghana da Najeriya suka yi haɗin gwiwar ɗaukar nauyi, kuma a wannan gasar Tijjani Babangida ya zura ƙwallo biyun da suka fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe. A 2008 an buga wasanni a Tamale da Kumasi, inda filin wasan ke ɗauke da sunan Baba Yara, tauraron Ghana da haɗarin mota ya datse wa wasa a 1963, watanni kafin ƙasarsa ta ci kofinta na farko.

A Janairun 2022 filin Roumdé Adjia na Garwa ya karɓi rukunin da ya haɗa Najeriya, Masar, Sudan da Guinea-Bissau. Najeriya ta ci wasanninta uku na rukuni, sai Tunisiya ta fitar da ita da ci 1-0 a filin. A wannan gasar Vincent Aboubakar, wanda ya fito daga ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo, da guda takwas. Shi ne kuma ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin 2017 a kan Masar, saura minti biyu a tashi. Ahmed Musa na cikin tawagar Najeriya da ta ci kofin 2013, Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ta Accra kuma ya zura wa Masar biyu a Abidjan a 2024.

Gasar ta ga ranakun makoki. A Janairun 2010 'yan bindiga sun buɗe wuta kan motar tawagar Togo a yankin Cabinda na Angola, lamarin da ya sa ƙasar ta janye. A ranar 24 ga Janairun 2022 mutum takwas sun rasu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembé.

Bajintar da ba a manta ba

Samuel Eto'o ne ya fi kowa yawan ƙwallaye a tarihin gasar, da 18. Kafin shi Laurent Pokou na Kodebuwa ne ke riƙe da kambun da 14, kuma Pokou ya taɓa zura biyar a wasa ɗaya, a ragar Habasha a 1970. A gasa guda kuwa, Ndaye Mulamba na Zaire ya ci tara a 1974. A wannan shekarar ce kaɗai aka sake buga wasan ƙarshe: an tashi 2-2 da Zambiya, bayan kwana biyu Zaire ta ci 2-0, kuma Mulamba ne ya ci ƙwallaye huɗun duka, kamar yadda Ad-Diba ya ci huɗu a 1957. Ahmed Hassan da mai tsaron gida Essam El-Hadary na Masar kowannensu ya ɗaga kofin sau huɗu, kuma El-Hadary ya tsare raga a wasan ƙarshe na 2017 yana da shekara 44.

Abidjan, 2024

Gasar da Kodebuwa ta karɓa ta tattara da yawa daga cikin waɗannan zaruruwa. Najeriya ta doke mai masaukin baƙi 1-0 a rukuni, Equatorial Guinea ta yi mata 4 da nema, aka sallami koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Ƙasar ta tsallake ne kawai saboda Maroko ta doke Zambiya 1-0 a wani rukunin. Mataimakin koci, Emerse Faé, ya karɓi ragama, ya fitar da Senegal mai riƙe da kofin, ya fitar da Mali da Kwango Kinshasa.

Ranar 11 ga Fabrairu aka sake haɗuwa da Najeriya. An sha ganin ƙasashen da suka fito daga rukuni ɗaya sun sake gamuwa a wasan ƙarshe, kuma a 1990, 2006, 2008 da 2019 wanda ya ci na farko shi ya ci na biyu. Wannan karon ba haka ta kasance ba. William Troost-Ekong ya sa Najeriya gaba, Franck Kessié ya farke, wanda ita ce ƙwallon farko da Kodebuwa ta taɓa ci ana cikin wasan ƙarshe. Sébastien Haller, wanda ya dawo fili shekara ɗaya kafin nan bayan jinyar cutar daji, ya ci ta biyu. Wannan ne karo na biyar da Najeriya ta yi asarar wasan ƙarshe, daidai da Ghana, kuma karo na biyu da hakan ta faru da ita a Abidjan, shekara 40 bayan wanda Kamaru ta yi mata a birnin.